Sunan da Mang Teryo Ya Hana Ƙetare Teku

A garinmu Santa Rufina, can ƙasar Filifin, in ka tsaya tsakiyar kasuwa ka ƙwala kira ka ce "Ilagan!", rabin kasuwar ne zai waiwayo, ragowar rabin kuma surukansu ne. Shi ya sa ba mai neman mutum da sunan da ke kan takardarsa. Kowane gida da laƙabinsa, bansag muke ce masa, kuma gadonsa ake yi daga uba zuwa ɗa. Ba kai kake zaɓa ba, ba a kuma tambayarka ko ya yi maka. Wani kakanka ne zai yi abin kunya sau ɗaya a gaban mutane, shi ke nan ya ɗinka wa zuriyarsa riga. Mu 'yan gidan Ƙanzo ne, don an ce kakar kakata ba ta taɓa sauke shinkafa ba ta ƙone ba. Akwai gidan Kyanwa, akwai gidan Kwarkwata, akwai wasu ma da ba za su faɗu a gaban yara ba. Ban taɓa jin wanda laƙabi ya kashe ba. Mutum ɗaya na sani da ya ɗauki abin da zafi har ya sa teku tsakaninsa da shi, shi ne Eleuterio Ilagan, wanda yara ke kira Mang Teryo. Ni Kuya nake ce masa, wato yaya, don ya girme ni.

Su gidan Laglag ne. A bakinmu laglag na nufin abin da ya zame ya faɗi. Asalin abin ranar bikin waliyyiyar gari ne, ranar da maza huɗu ke saɓa karagar mutum-mutumin Santa Rufina a kafaɗa su zagaya gari da ita. Kakan Kuya Teryo ne ke riƙe da sandar gaba. Ana isowa bakin kasuwa, daidai inda jama'a suka fi cika, zariyar wandonsa ta tsinke. Hannuwansa biyu na kan sanda. In ya saki ya kama wando, waliyyiya ta kife a ƙasa. Bawan Allah ya zaɓi waliyyiya. Haka ya dinga jan ƙafa, wando a idon sawu, masu busa na busa, tsofaffin mata na addu'a da ido ɗaya a buɗe, har ƙofar coci. Ni a ganina, in gaskiya za a bi, yabo ya kamata a yi masa. Amma mutanen garinmu abin da idonsu ya gani shi suka riƙe.

Na zo Winnipeg ta ƙasar Kanada ina budurwa, cikin 'yan matan da aka kwaso aikin ɗinki a farkon shekarun saba'in. A masana'antar da aka kai ni na tarar da shi, shi ke gyaran kekunan ɗinki. Dogo ne siriri, gashi ya sha mai, ga bel a ƙugu, ga kuma igiyoyin nan biyu da ake ratayawa a kafaɗa don su riƙe wando. Ina ganin bel da igiya a jikin mutum ɗaya, tun ban kalli fuskarsa ba na san ɗan gidan wa nake gani. Murna ta kama ni, don na daɗe ban ga ɗan garinmu ba, na buɗe baki iya ƙarfina na ce, "Kai! Ba kai ne na gidan Lag..."

Ya nuna ni da tsinin 'yar butar man keke da ke hannunsa.

"Eleuterio Ilagan," in ji shi. "Ke kuma Iluminada, ko? Nan Kanada ce, Luming. Wancan shirmen mun baro shi a can."

Na haɗiye sauran sunan. Ya duba kekena, ya ɗiga mata mai, ya tambaye ni ko ina da takalmin ƙanƙara. Na ce ban ma san akwai shi ba. Washegari na tarar da takalmin a ƙarƙashin teburina, ya ɗan yi mini yawa, an cusa jarida a bakinsa.

Da muka ɗan taru a garin, shi ya kira mu ɗakin ƙasa na gidan da yake haya, wata Lahadi bayan coci, ya ce mu kafa ƙungiya. Kowa ya yi na'am, don kewar gida na cin mu, kuma ba inda za ka soya busasshen kifi a unguwar nan ba tare da maƙwabta sun zo suna tambaya ko wani abu ya mutu ba. Aka sa mata Ƙungiyar 'Ya'yan Santa Rufina, aka ba shi shugabanci tunda ɗakinsa ne. Muna tsammanin dokar farko za ta zama ta taimakon juna, ko ta yadda za a mayar da gawa gida in ta Allah ta kasance. Ina! Kuya Teryo ya miƙe, ya gyara murya, ya ce doka ta ɗaya, ba a kiran kowa da bansag, a taro ne ko a waya ko a hanya. Wanda ya karya, shi ke wanke tukwane ranar. Lokacin ko aure bai yi ba, amma duk mun gane inda ya dosa. So yake kada sunan nan ya biyo shi ya shiga kunnen 'ya'yan da zai haifa.

A cikinmu akwai Alfonso, shi ma Ilagan, Mang Ponso direban bas, ɗan gidan Kwarkwata. Gajere ne mai tumbi, kuma Allah bai yi wa bakinsa murfi ba. Ya ɗaga hannu.

"Pare," ya ce, haka mazanmu ke kiran aboki, "dokar nan don mu duka aka yi ta, ko don mutum ɗaya?"

"Don mutuncin kowa. Kai daɗi kake ji a kira ka da sunan ƙwaro?"

"Yo ni me ya dame ni? Kwarkwata ai a kai take zaune, sama da kowa. Wasu kuwa nasu ƙasa ya yi."

Ranar Ponso ya fara wanke tukwane. Shekaru ya yi yana wankewa, har matarsa ta ce ƙungiyar nan ta yi mata rana, ta koya wa mijinta abin da uwarsa ta kasa.

To, doka a Winnipeg kaɗai take aiki, jirgi kuwa bai daina sauke mutanen garinmu ba, kowa da bakinsa a buɗe. Wannan ya sa Kuya Teryo ya zama mai tarbar baƙi ba tare da wani ya naɗa shi ba. Ko ƙanƙara ta kai gwiwa, za ka same shi tsaye a filin jirgi da rigar sanyi da hula da safa a hannu. Kafin baƙo ya gama cewa "Laa, ai wannan na gidan...", an zura masa riga, an naɗe masa baki da mayafin wuya, an tura shi mota. A mota ake yi masa karatu. Kafin a isa gida ya haddace doka ta ɗaya, ya kuma sami katifa a ɗakin ƙasa da wanda zai raka shi neman aiki da safe. Mukan ce Kuya ba tarbar mutane yake zuwa yi ba, toshe baki yake zuwa yi. Gaskiya ne kuwa. Amma rigar tana da ɗumi, kuma akwai waɗanda suka yi rabin shekara a ɗakin nan suna cin shinkafarsa bai taɓa ɗaure musu fuska ba. Ina ƙaunar mutumin nan duk da dariyar da nake yi masa, kuma ban san ɗan garinmu a Winnipeg da ba ya ƙaunarsa ba.

Matsalar ita ce, da aka cire laƙabi sai muka daina gane junanmu. Jose Ilagan kaɗai uku gare mu. Wata rana aka bugo waya cewa Jose Ilagan ya rasu. Wanne daga ciki? Mai ba da labarin yana tsoron tukwane, sai ya ce, "Wanda dai kuka sani, mai ɗan tsawon nan." Mata suka dafa pansit, taliyarmu ta taro, aka sayi furanni, muka ɗunguma cikin baƙaƙen kaya zuwa gidan Jose mafi tsawo. Muna ƙwanƙwasawa mamacin da kansa ya buɗe mana, da buroshi a bakinsa. Wata cikinmu ta zube a kan ƙanƙara tana kiran sunan waliyyiya. Ashe wanda ya mutun ba ma a Kanada yake ba, kawun wani ne can gida. Jose ya karɓi taliyar ya gode, furannin kuwa ya ce mu riƙe, bai shirya ba tukuna.

Tun daga ranar muka koma magana da hannu, tunda baki doka ta hana. In zancen Ponso ake yi sai a sosa kai. In ni ce, sai a yi kamar ana kankare gindin tukunya. In kuwa Shugaba ake nufi, sai mutum ya kama ƙugun wandonsa ya ɗan ja sama. Kuya Teryo na gani, amma me zai ce? Ba a hukunta mutum don ya gyara wandonsa. Sai dai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ko Bature ya gani a tashar bas ya ja wando, sai ka ga kunnuwan Kuya sun yi ja.

Ya auri Asuncion, Aling Sion, ma'aikaciyar jinya daga lardunan arewa, inda ba su san Santa Rufina ba balle wandunanta. Ba a rufa mako da biki ba ta ji labarin a bakin mata a kicin. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sannan ta share hawaye ta ce kada wanda ya gaya masa ta sani. Haka ta zauna da shi sama da shekara arba'in, ita ke saya masa sababbin igiyoyin wando duk Kirsimeti, ba ta taɓa nuna masa a fuska ba. 'Ya ɗaya Allah ya ba su, Rowena. Ni ce ninang ɗinta, wato ni na riƙe ta ranar baftisma. A ranar ne, muna tsaye bakin coci yana jijjiga ta, ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa ba.

"Luming, ku dariya kuke yi. Ke naki ƙanzo ne, ƙanzo ai ci ake yi. Ni tun ina aji ɗaya ba ranar da ba a ja mini gajeren wando a filin makaranta ba. Da na girma na je neman aure, uban yarinyar ya bari na gama gaisuwa tsaf, sannan ya ce, 'Yaro, ba ka da laifi, amma ba zan yi jikoki da wannan suna ba.' A gabanta ya faɗa. Ita kuma ta sa hannu ta rufe baki, kafaɗunta na rawa." Ya gyara wa jaririyar hula. "Wannan ba za ta taɓa jin sa ba. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa. Ranar kam ban yi dariya ba, tausayinsa ne ya kama ni.

Rowena ta tashi a tsakiyarmu, ƙarƙashin teburan taro take wasa, kuma yarinya ce mai lura. Tana 'yar shekara biyar ta gane cewa duk lokacin da ubanta ya shigo, maza sai sun ja wando sama. Ta ɗauka gaisuwar garinmu ke nan. Wata yamma ya dawo daga aiki, ta rugo ta kama hannunsa ta ɗora a goshinta yadda muke gaida manya, sannan ta ja da baya, ta kama ƙugun siket ɗinta ta ja sama cikin ladabi. Aling Sion ta ce gudu ta yi banɗaki ta buɗe famfo don kada a ji ta. Kuya Teryo ya kira taron gaggawa. Muka hallara, ya miƙe, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya rasa ta inda zai fara, don ba zai iya faɗar laifin ba sai ya faɗi sunan. Ƙarshe sai ya yi mana dogon jawabi a kan muhimmancin kwashe ƙanƙara daga ƙofar gida.

A shekarun tamanin Ponso ya tsaya takarar shugabanci da alkawari ɗaya tak, zai soke doka ta ɗaya. Ya sha kaye, domin duk mai ƙuri'a ya taɓa sa rigar sanyin Kuya Teryo. Sai ya yi abin da ɗan ƙasarmu kan yi in ya faɗi zaɓe, ya kafa tasa, Ƙungiyar 'Ya'yan Santa Rufina Na Asali. Shekaru aka yi ana biki biyu rana ɗaya a gini ɗaya, mu a ƙasa su a sama. Mutum-mutumin waliyyiya kuwa ɗaya ne, wanda muka sa aka sassaƙo mana daga gida, don haka sai ta yi rabin yini a wurinmu, a hau da ita bene ta ƙarasa a wurinsu. Jama'a ba su ga aibun rabuwar ba, tunda ci biyu suke yi. Abin da ya kashe ƙungiyar Ponso shi ne, da aka ba kowa izinin faɗar sunan sai ya zama lami, don mai sunan ba ya wurin balle kunnuwansa su yi ja. Wata shekara Ponso da kansa ya sauko da farantinsa, ya ja kujera kusa da Kuya, ya ce naman sama gishiri ya yi masa yawa. Kuya ya matsa masa, ya tura masa kwanon shinkafa. Ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Duk tsawon shekarun nan sau biyu Kuya Teryo ya je gida, binne uwarsa da binne ubansa, kuma shi kaɗai ya je. In Rowena ta ce a tafi da ita, sai ya ce zafi, in ba zafi ba sauro, in ba sauro ba ruwan can ba zai karɓe ta ba. In ta tambayi danginsa sai ya ce, "Mu Ilagan ne, mutanen mutunci, shi ke nan abin da ya kamata ki sani." Ta girma ta zama malamar makaranta, ta daina tambaya. Sai da Aling Sion ta rasu abin ya dawo mata sabo. Ta zo kicin ɗina wata rana, mace ta haura arba'in, ta zauna tana juya cokali a kofi.

"Ninang, dangin Nanay, uwata, na san su, na je wurinsu, na kwana a gidajensu. Na Tatay, ubana, fa? Shi kamar daga sama ya faɗo."

Na kusa shaƙewa da kofin da ke bakina.

"Ba wasa nake yi ba, Ninang. In ya tafi, ba ni da wanda zan kalla ta wajensa in ce wannan jinina ne. Wani abu suka yi a can? Kisa ne? Sata?"

"Ko ɗaya, 'yata. Mutanen kirki ne, na rantse miki."

"To me ake ɓoye mini?"

Na tura mata faranti na ce ta ci kafin ya huce. Da ta tafi na ɗauki waya na kira ubanta. Na ce, "Kuya, yarinyar nan fa ta fara zaton kakanka ɓarawo ne."

Sai ya ce, "Gara hakan."

Na ce masa taurin kansa ya fi na ƙanƙarar watan Janairu, na ajiye waya. Haushinsa na ji sosai ranar, amma alkawari alkawari ne.

Yanzu mun tsufa. Ƙungiya ta koma hannun yaran da aka haifa a nan, suna yin taro a babban ɗakin da ke ƙarƙashin coci. Doka ta ɗaya tana nan, suna karanta ta duk shekara ba tare da sun san me ake hanawa ba. Kuya Teryo ya haura tamanin, an ba shi kujera a gaba da sarautar shugaban da ba ya sauka. Kunnensa ya yi nauyi, don haka wayarsa kullum a buɗe take kowa na ji, duk sirrin da ke tsakaninsa da likitansa mun haddace. Ponso na dogara sanda, ƙafa ta kumbura, baki kuwa ko gezau.

Wata Asabar da yamma, ana saura mako guda biki, muna zaune a ɗakin nan muna naɗe lumpiya, 'yan naɗe-naɗen da muke cusa wa nama mu soya. Rowena ba ta gari, ta ce wa ubanta wani taron malamai ya kai ta Manila. Wayarsa ta yi ƙara, ya danna, ya ajiye ta a kan tebur kusa da kwanon nama.

"Tatay? Kana ji na?"

"Ina ji, 'yata. Ya Manila? Kina dai shan ruwan gora ko?"

"Ba na Manila. Ina Santa Rufina."

Hannun kowa ya tsaya. Can safiyar Lahadi ce. Muna jin zakaru, muna jin babura masu ƙafa uku, sai kuma ƙararrawar cocinmu ta buga, da 'yar dishewar nan tata da ba wanda ya taɓa gyarawa. Wata tsohuwa a gefena ta ajiye abin da ke hannunta ta dafe ƙirji.

"Tun jiya nake nan, Tatay. Na ce ina neman gidan Ilagan, aka yi ta yi mini dariya. Na ce Eleuterio Ilagan, aka kai ni gida uku, ɗaya ma jariri aka miƙo mini. Na faɗi sunan babanka, aka ce masu wannan suna sun cika maƙabarta, wanne nake so? Yanzu ga ni a kasuwa wurin wata baba mai wainar shinkafa. Ta ce in tambaye ka bansag ɗinmu. Na ce mata ba mu da wani abu mai suna haka."

Kuya Teryo ya ƙura wa wayar ido. Kunnuwan nan sun yi jawur.

"Ta ce wanda ba shi da bansag ba ɗan garin nan ba ne. Wai in koma in bincika da kyau, wataƙila wata Santa Rufinar ce." Muryarta ta karye. "Tatay, da gaske nan ne garinmu? Motar Manila ta kusa tashi. In ba mu da kowa a nan, ka faɗa mini kawai in tafi. Ba zan ƙara tambayarka ba."

Ban taɓa jin ɗakin nan ya yi tsit haka ba, har man da ke kan wuta kana jin tafasarsa. Na ga Ponso ya buɗe baki, na ɗaga ƙafa zan taka masa kumburarriyar, sai na ji muryarsa ba irin wadda na saba ji ba ce. A hankali ya yi magana.

"Pare, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ya yi maka nauyi, bari ni in faɗa. Na saba."

"Rufe mini baki," in ji Kuya. "'Yata ce."

Ya sunkuya kan wayar, ya dafa tebur da hannu biyu, ya motsa leɓe. Ni da ke kusa da shi ma da ƙyar na ji.

"Me ka ce, Tatay? Kasuwa ce, ban ji ba."

Ya sake faɗa, ya ɗan ɗaga murya.

"Lak me? Ka ƙara, don Allah, babur na wucewa."

Sai tsohon nan ya ture kujera ya miƙe tsaye, ya ɗauki wayar ya kai ta baki, ya kwatsa da duk ƙarfin da ya rage masa, "Laglag! Ki ce musu Laglag! Jikar gidan Laglag ce ke!"

Sunan ya cika ɗakin har matattakala. Yaran da ke kicin suka leƙo suna kallon juna, ba su san me ya faru ba. Mu da muka sani, mu da muka yi shekara hamsin muna jan wando a bayan idonsa, ba wanda ya yi dariya. Ponso ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa. Ni dai hawaye ne suka zo mini, na bar su.

Muka ji Rowena ta juya, ta maimaita kalmar da harshenta na Kanada, a ɗarare, kamar mai tsoron kada zagi ne. Sai mai waina ta kurma ihu.

"Laglag? Yo ke yarinya, ki ce haka mana tun jiya! 'Yar wa? Teryo? Teryon da ya tafi Kanada ya manta da mu? Wayyo Allah! Jama'a, ku zo, ga 'yar Laglag! Ajiye jakar nan, wace mota kuma? Ba inda za ki. Kai, ruga gidansu ka kira Nene, ka ce 'yar Teryo ta zo, ta taho ko ba takalmi!"

"Nene," in ji Kuya, a hankali. Ya juyo ya dube ni. "'Yar ƙanen babana ce, tare muka tashi. Luming, ashe Nene na da rai?"

Kafin ya rufe baki, kasuwa ta riga ta ɗauka. Daga masu waina sunan ya tsallaka wurin masu kifi, daga can muka ji wani namiji ya ƙwala shi ga masu babura, wasu kuma can nesa suna tambaya, "Wa? Laglag na Kanada?" Da dariya a ciki, ba zan ɓoye ba, dariyar nan ce dai ta garinmu da ba ta canzawa. Amma akwai masu guɗa, akwai mai cewa ita ta fara ganinta, akwai masu faɗa a kan gidan da za ta fara cin abinci. Can sai muryar wata tsohuwa ta keto taron, tana haki tana kuka, tana cewa ku matsa mini, ku matsa mini, tawa ce. Rowena ta manta da wayar a hannunta. Muna jin ta tana dariya tana shessheƙa, ana ta sumbatarta ana yi mata tambaya goma a lokaci ɗaya.

Kuya Teryo ya koma ya zauna. Ya ɗora wayar a kunnensa mai ɗan ji, ya riƙe ta da hannu biyu, ido a rufe. Yarinyar da ke shugabantar ƙungiya yanzu ta matso ta ce, "Mang Teryo, ta manta ba ta kashe ba, ko in kashe maka?" Ponso ma ya gyara zama, na ga wata magana ta taso masa.

Kuya bai buɗe ido ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya.

"Ku yi shiru," ya ce. "Ana kirana."